Fitilar da Muke Kunna wa Manta

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an kwashe faranti a gidan yayata a unguwar Rusaifa, nan Makka, ɗanta Mahir ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wasu mutane kwance a saman teku da dare, sun riƙe wani allo mai fitila, ga ƙaton kifi mai fukafukai yana juyi a ƙarƙashinsu. Ya ce, "Kawu, wai wannan ne aikin da ka yi? Wallahi sahal, ba wuya. Ka kwanta a ruwa, kifi ya zo, a biya ka." Abokansa suka yi dariya. Ashe har sun fara shawarar haɗa hannu su sayi jirgi.

Ban ba shi amsa a ranar ba, don Hausarsa ba ta ɗaukar dogon zance, ni kuma Larabcina ba ya ɗaukar wannan labari. To ga amsar, shi da abokan nasa. Wanda ya iya karatun Hausa ya karanta wa saura.

Ni ba ɗan ruwa ba ne. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi babana, kakana ne ya taho daga ƙasar Kano da ƙafa. Har na girma ruwan da na sani shi ne na tanki da na Zamzam. Tuƙi ne sana'ata. Lokacin Hajji in yi jigilar ƙanƙara da abinci zuwa Arfa, in alhazai sun watse in koma ɗauko kifi daga bakin teku ina kawo wa masu sayarwa a unguwar Zahir. Wata rana ina lodi a wani ƙaramin garin masunta kudu da Jidda, akwatin kifi ya faɗo mini a kan yatsa, na saki wata kalma da Hausa wadda ba zan maimaita ba. Sai na ji an ce a bayana, "Kai, ɗan wane gida ne kai da ba a koya maka baki ba?"

Na waiwaya na ga wani dattijo baƙi, siriri, da zane ɗaure a ƙugu. Shi ne Rayyis Abakar. Rayyis shi ne shugaban jirgi a bakin mutanen gaɓa. Bahaushen Sudan ne, iyayensa suna hanyar Hajji guzuri ya ƙare musu a Sawakin, suka zauna, shi kuma ya tashi a cikin masu jiragen ruwa. Da ya ƙetaro nan sai ya kama kamun habbar, wato kifin nan mai hannuwa da yawa mai fesa tawada, wanda ake kamawa da dare da hasken fitila. A wajen kamun ne ya lura cewa a bayan wani tsibiri, in ya kunna fitila ya daɗe, wasu manyan kifaye suna zuwa su yi ta zagaye a ƙarƙashin jirginsa. Ya kai wasu masu nutso daga Jidda suka gani, suka gaya wa wasu. A hankali ya ajiye ƙugiya ya koma kai mutane kallo. Abin da ya rasa shi ne direban da zai riƙa ɗebo masa baƙi daga Makka da Jidda. Ya ce da ni, "Motarka warin kifi take. Ka wanke ta ka dawo."

Da na gaya wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta tambaye ni sunan kifin. Na ce baƙi suna ce masa manta. Ta ce, "Manta? To me ya manta?" Na ce masunta kuma suna kiransa shaiɗanin teku, saboda wasu ƙahonni biyu na tsoka da ke gaban kansa. Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Haruna, mutane na tahowa daga bangon duniya don su ga Ɗakin Allah, kai kuma ka bar Ɗakin Allah da dare ka tafi kallon shaiɗan?" Sai da Rayyis ya zo da kansa ya gaishe ta, da kifi a leda, ya yi mata alkawarin ba a tashi daga gaɓa sai an yi Magariba, ba kuma a kunna fitila sai an yi Isha, sannan ta sake ni.

Aikin farko da ya ba ni bayan tuƙi shi ne wankin tabarau. Kada ku raina shi. Tabaran ruwa gilashi ne da roba mai kama fuska, tare da bututun da mutum ke sa wa a baki yana numfashi fuskarsa na cikin ruwa. Kowane ɗaya sai an wanke shi da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, don rana tana cinye robar. Sai ka ɗaga shi ka duba gefen, ka ja maɗaurin ka ji ko ya fara tsagewa. Kafin baƙo ya sa, ka ɗiga sabulun jarirai a gilashin ka goga da yatsa, in ba haka ba tururin fuskarsa zai rufe shi, ya biya kuɗi ya kalli hazo. Rayyis yakan ɗauki wanda na wanke ya manna a fuskarsa ba tare da maɗauri ba, ya ja iska ta hanci. In ya zauna, ya wuce. In ya faɗo, ya jefa mini shi a cinya.

Iyo kuwa da rana ya koya mini, a wani lungu marar zurfi, da igiya a ƙuguna kamar akuya. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, 'ya'yan masunta suna zaune a kan dutse suna yi mini tafi. Ni ina ta dukan ruwa ina haɗiyar gishiri, shi yana tsaye yana cewa, "Waye ya ce ka yi faɗa da shi? Kwanta. Kwanta kamar gawa." Wannan ne abin da ya fi ba ni wuya a duk sana'ar, kuma shi ne abin da kuke gani a waya kuna cewa sauƙi. Jikin ɗan Adam ba ya yarda ya kwanta shiru a kan abin da ba shi da ƙasa. Na kusa shekara kafin ya bar ni na shiga da dare.

Allon da kuka gani, namu Rayyis ne ya haɗa shi da hannunsa. Katako ne mai tsawon ƙofa, an ɗaura masa soso mai iyo, an zagaye shi da igiya inda mutane za su riƙe, fitilu suna ƙasa suna kallon zurfi. Batir yana cikin akwati mai murfi, bakin murfin da zoben roba. Kullum da la'asar sai na zare zoben, in goge shi, in shafa masa mai, in duba shi a hasken rana. Gashi ɗaya in ya maƙale a jiki, ruwa ya shiga, fitila ta mutu mutane suna tsakiyar teku cikin duhu. Ya taɓa faruwa da mu sau ɗaya, kuma ihun da na ji a daren ya ishe ni har abada.

Manta ba fitila yake so ba. Akwai wasu ƙananan halittu a ruwa, kamar tsakin gero, su ne ke taruwa a haske, shi kuma su ne abincinsa. Don haka aikin da wata yake tafiya. In farin wata ne, haske ya bazu ko'ina, tsakin ya watse, fitilarka ba ta da daraja. A duhun wata ake samu. Sai kuma iska. In azyab ta taso, iskar kudu mai ɗumi da danshi, ruwa yakan gurɓace, igiyar ruwa ta riƙa mari allon. Rayyis yakan tsaya a bakin gaɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yau babu." Ko na riga na ɗebo mutane cike da mota, ko an riga an karɓo tasrihi, wato takardar izini, daga masu tsaron gaɓa, in ya ce babu, babu. Ni ne mai komawa da su ina shan baƙar magana har Makka.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba a jefa anga a kan murjani, duwatsun nan masu rai na ƙasan teku, shi ya sa ya nutsar da dunƙulen siminti a kan yashi ya ɗaura masa jarka, a nan muke ɗaure jirgi. In mutum ɗaya ya shiga ruwa, inji a kashe yake, makulli a aljihunsa. Ba a haska tocila a kwance a saman ruwa, don akwai wani kifi mai dogon baki kamar tsinke da ke tsalle ya bi haske, ya taɓa huda cinyar wani masunci a gabansa. Ba kuma a taɓa manta. Jikinsa da wani yauƙi da ke kare shi daga cuta, hannun mutum yana goge shi. Ba ya cizo, ba shi da ƙaya a wutsiya, ba abin da zai yi maka in ka taɓa shi sai dai ya tafi. Rayyis yakan ce wa baƙi, "Ku baƙinsa ne. Baƙo ba ya shafa kan mai gida."

Daren da na fara ganinsa ina riƙe da ƙarshen allo. Haske ya sauka kamar ginshiƙi, tsakin yana yawo a ciki, ƙasa kuwa baƙi ƙirin. Muka daɗe ba komai. Sai wani fari ya motsa can ƙasa, ya yi ta girma yana tahowa, baki buɗe kamar ƙofar tanda, har ina hango haƙarƙarin cikinsa. Faɗinsa ya fi shimfiɗar da muke cin abinci a kai ranar Juma'a. Na tabbata haɗiye ni zai yi. Saura kaɗan ya taɓa ƙirjina sai ya kifa da baya, farin cikinsa ya shuɗe a gaban tabarauna, ya koma ƙasa ya sake tahowa. Na yi salati a cikin bututu, ruwa ya cika mini baki.

Daga wannan dare ban ƙara samun kallonsa yadda nake so ba, kuma wannan ne abin da ba ku sani ba. Mai wannan aiki ba kifi yake kallo ba, mutane yake kallo. Kai kana bayansu kana zagayawa, kana duba wanda ƙafarsa ta fara nutsewa, wanda ya saki igiya, wanda sanyi ya kama. Kunnenka yana kan bututansu. Numfashin mai natsuwa dogo ne, na mai tsoro gajere ne yana fita kamar na kare. In ka ji shi, ka isa wurin kafin shi kansa ya san ya tsorata.

Wani ɗan kasuwa daga Ɗa'if, ƙato mai ƙiba, ya ƙi sa rigar ceto, ya ce shi a tafkin otal yake iyo kullum. Rayyis ya ce sai ya sa. Ya sa, amma da ya shiga ruwa ya kwance maɗaurin a ɓoye don ta matse shi. Manta ya taso masa baki buɗe, mutumin nan ya saki allo ya miƙe tsaye, riga ta zame ta kansa. Kafin in kama shi ta baya ya juyo ya rungume wuyana da hannu biyu. Wanda ke nutsewa bai san ɗan'uwa ba, tsani kawai yake nema. Abin da Rayyis ya koya mini shi na yi: na ja numfashi na nutse da shi ƙasa. Da ya ji tsanin nasa yana tafiya ƙasa sai ya sake ni. Na zagayo ta bayansa na tallafi haɓarsa na ja shi zuwa jirgi. Ya amayar da duk shinkafa da naman da na roƙe shi kada ya ci a hanya. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko an ɗauki hotonsa.

Masu gemu da gashin baki su ma aiki ne. Ruwa yana bin gashi ya shiga tabarau. Sai ka zo da man shafawa ka ce wa babban malami, "Ya shaikh, a yi haƙuri," ka shafe masa gashin baki kamar jariri. Mun kai 'yan Makka, mun kai masu Umara daga ƙasashen gabas da suka gama ibada suna da kwana biyu a hannu, mun kai Turawan da ke aiki a Jidda, waɗanda a can nake ɗaukarsu tunda ba sa shiga Makka. Mata kuwa Nafisa ce ke shiga da su, 'yar Rayyis, da allonsu daban a ɗaya gefen jirgi. Ta fi ni iyo nesa ba kusa ba. Ita ce ta gane cewa kowane manta da irin ɗigon da ke cikinsa, ba mai kama da na wani, ta kuma raɗa musu sunaye. Babbar cikinsu, wata tsohuwa mai tafiya a hankali wadda sauran ke kauce wa, ita ta sa wa Goggo.

Mahaifiyata ma ta je sau ɗaya. Ba ta shiga ruwa ba, Rayyis yana da bokiti mai gindin gilashi don irin su. Ta durƙusa a gefen jirgi da mayafinta, Nafisa ta riƙe mata ƙugu, ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce, "Subhanallahi. Ka ga yadda suke bin juna suna zagayawa, ba mai ture wani. Wanda ya sa wa bawan Allah nan sunan shaiɗan bai kyauta ba."

Shekarun nan su ne masu kyau. Jirgi ɗaya ne a wurin, wani lokaci biyu, don akwai wani masunci da ke bin tsarin Rayyis. Ba mu yi arziki ba, amma ban ƙara ɗaukar akwatin kifi ba.

Shekarar korona kowa ya san abin da ya gani. An rufe hanyoyi, ni ina Rusaifa ba fita, Rayyis yana gaɓa, jirgi a kan tayoyi a bisa yashi. Batiran suka mutu, robar tabarau ta narke ta manne da juna a cikin akwati. A lokacin na ɗauka wannan ce muguwar shekara. Ashe wadda ta biyo baya ce.

Da aka buɗe gari, ba a fita ƙasashen waje, sai kowa ya nufi teku. Mun yi murna da farko, don waya ba ta daina ƙara ba. Sai wani baƙo ya sa bidiyonmu a waya, har da alamar wurin. Kafin wata ya zagayo, muka iso wani dare muka tarar da jirage sun riga mu. Manya ne daga Jidda, da janareto, da fitilu masu kashe ido, da kiɗa. Kowa ya jefa angarsa inda ya ga dama, kana jin murjani yana karyewa a ƙasa. Ba sa kashe inji, don jirgi na sauke wasu yana juyawa ya ɗebo wasu. Samari suna tsalle daga sama, suna nutsewa su kama fuffuken manta don a ɗauke su hoto.

Rayyis ya bi su jirgi jirgi da ƙaramin kwalekwale, yana sallama yana roƙo. Ya ce su ɗaure a simintinsa kyauta, zai ma zuba musu wasu. Wasu suka ji, wasu suka ba shi shayi suka yi masa dariya. Wani matashin direba ya ce masa, "Ya ammi, tekun na babanka ne?" Ya dawo ya zauna a bayan jirgi har muka koma. Bazarar shekarar kuma ruwa ya yi zafi kamar na wanka, murjanin da ya tsira daga anga ya yi fari fat. Nafisa ta fara lissafa waɗanda ba ta ƙara gani ba. Wani manta ya zo da sara uku a baya, sahun farfela.

Da sanyi ya shigo, wani dare muna da baƙi a allo, sai Nafisa ta ɗago kai ta tofar da bututu ta kira mahaifinta, "Abuya! Goggo ce, da igiya a jikinta!" Na leƙa. Igiyar anga ce ta roba, wadda wani ya yanke ya bari a ruwa. Ta naɗe mata ƙaho ɗaya ta zagaya ta gindin fuffuke, ta ci nama har ta nutse a ciki, ragowar tana jan ta a baya da guntun sarƙa. Ba ta cin abinci. Zagayawa kawai take a ƙarƙashin haskenmu, a karkace, a hankali.

Ni ba na iya nutso mai zurfi, kuma mutane suna hannuna. Nafisa tana da mata a nata allon, cikinsu har da wadda ba ta taɓa shiga ruwa ba. Rayyis ya haura saba'in a lokacin, likita ya hana shi nutso tun da daɗewa saboda ƙirjinsa. Na ji ya ce, "Haruna, riƙe fitila daidai, kada ta motsa. Ku kuma kowa ya kwanta shiru." Nafisa ta ce, "Abuya, bari in fitar da su in shiga." Ya ce, "Kafin ki fitar da su ta tafi." Ya tuɓe riga, ya ɗauki almakashin da muke yanka igiya da shi, ya zame cikin ruwa ba ƙara.

Bai bi ta ba. Ya nutse ya tsaya a hanyarta, ta zo ta wuce ta gefensa, ya bi ta da hannu ɗaya a kan igiyar yana yanka, numfashi ya ƙare ya taso. Na ce ta tafi ke nan. Sai ga ta ta zagayo ta dawo wurin, ta ma rage tafiya. Ya sake nutsewa. Haka suka yi ta yi, ban san sau nawa ba, ina jin tarinsa yana ƙaruwa duk hawa. Baƙi ba wanda ya motsa, har waɗanda ba su san abin da ke faruwa ba. Igiyar da ta shige nama ita ta fi wuya, sai da ya sa yatsa ya zaro ta, na ga jikin kifin ya girgiza, amma ba ta gudu ba. A nutson ƙarshe ta yi ƙasa da shi sosai har ya fita daga haske. Da ya taso, igiyar tana naɗe a hannunsa, jini yana fita ta hancinsa da kunnensa na hagu. Goggo ta zagaya sau ɗaya ta shige duhu. Ba mu ƙara ganinta ba.

A daren zazzaɓi ya rufe shi, da safe na kai shi asibiti a Jidda. Dodon kunnen ya fashe, ruwa kuma ya shiga huhu. Ya yi makonni a kwance. Na je duba shi wata rana na tarar yana kallon silin, ya ce, "Haruna, mu muka koya musu cewa fitila abinci ce. Ba mu koya musu cewa wata fitilar da farfela take zuwa ba." Na ce ai ba mu muka jefa igiyar ba. Ya ce, "Na sani." Bai ƙara tayar da zancen ba. Da ya fito, jiri ya zauna masa. Mutumin da ke tsayawa a kan jirgi cikin azyab yana shan shayi, ya koma ba ya iya taka matakalar gaɓa sai an riƙe shi.

Ni da Nafisa muka ci gaba. Na iya injin, na iya allon, na soma iya karanta iska. Abin da babu shi ne kifin. Yau ɗaya ya zo ya wuce bai tsaya ba, gobe babu, jibi babu. Al'adar Rayyis ce in baƙo bai ga komai ba ya dawo wani dare kyauta, muka yi ta mayar da mutane har suka gaji da dawowa. Manyan jiragen suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, suka koma kai mutane wasan babur ɗin ruwa da gasa nama a tsibiri. Su ba abin da suka rasa. Wurin ya koma shiru kamar da, mu kaɗai, muka ce wataƙila yanzu za su dawo. Muka yi ta kunna fitila a duhun wata bayan duhun wata, wani lokaci ba baƙo ko ɗaya, ni da ita kawai da man da muka saya da kuɗinmu. Tsaki yana taruwa, ƙananan kifi suna zuwa, habbar yana zuwa. Manta bai zo ba.

Rayyis ne ya ce a sayar. Wani masunci mai suna Hamad ya sayi jirgin, allon kuwa ba wanda ya so shi, muka cire fitilun muka bar katakon a bayan shagon mai. Nafisa ta yi aure a Zahir ta ɗauko mahaifinta, ya zauna a ɗaki a hawa na uku, tagarsa tana kallon bangon maƙwabci. Ni na koma tuƙi, yanzu motar otal nake ja tsakanin masauki da Harami. Abin da ke ci mini rai shi ne na shafe ƙuruciyar ƙarfina ina koyon abu har na iya shi, ranar da na iya shi kuma ya ƙare. Hannuna har yau ya san zoben roba mai lafiya da marar lafiya, kunnena ya san numfashin mai tsoro, ba inda zan kai su.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa ya kira ni ya ce yana son ganin ruwa. Na ɗauke shi da safe, muka isa kafin azahar. Na shimfiɗa masa darduma a inuwar rumfar masunta ya zauna yana kallon jirginsa, an sake masa fenti, an cika shi da raga. Hamad ya gan mu ya zo da shayi ya tsuguna. Bayan gaisuwa ya duba hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Ya Rayyis, na ga mutanenka." Ya ce ya yi nisa sosai wajen neman habbar, inda jiragen yawo ba sa zuwa, ya kunna fitila, sai ga manta, da yawa, har da ƙanana. Ya faɗi sunan wurin.

Rayyis ya ajiye kofi. "Akwai wata babba mai tabo a ƙaho?"

"Wallahi ban lura ba, duhu ne."

"Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To in sun sake zuwa, ka kashe fitilarka ka matsa gaba."

Hamad ya ce, "Habbar ɗin fa? A nan yake da yawa."

"Habbar yana ko'ina, ɗana."

Muka yi Azahar da La'asar a masallacin gaɓa muka kamo hanya. Rayyis ya lumshe ido har na ɗauka barci yake. Mun yi nisa cikin sahara sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Haruna, ta wajen mataccen kunnena Hamad ya zauna. Ban ji sunan wurin ba. Kai ka ji?"

Na ce, "Na ji, Rayyis."

Ya ce, "To, kai ma kunnenka ya mutu."

Na ce to. Ya jingina kansa da gilashi, na ci gaba da tuƙi har duwatsun Makka suka bayyana a gabanmu.